Da Wane Mudu Ake Auna Cigaba?

Duk lokacin da wani gwamna ya cika shekara a ofis, rigima ɗaya ce ke tashi a dandalin nan. Masoya su jero hotunan gadar sama da fitilun titi su ce jiha ta ci gaba, 'yan adawa su kawo hoton ajin da yara ke zaune a ƙasa su ce ƙarya ne. A kwana ana zage-zage, kowa da gaskiyarsa, domin ba da mudu ɗaya ake awon ba. To shi wannan mudu na auna cigaba yana da tarihi. Mutane ne suka ƙera shi, kuma an sha canza shi.

Mu fara daga gida. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wato arzikin garin yana hannun masaƙa da marina da dukawa da fatake. Da Turawan mulkin mallaka suka zo, sai suka zo da nasu awon: tan nawa na kaya aka fitar zuwa bakin teku, kuma nawa aka tara na haraji da jangali. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama sarauniya, aka yi ta gina dalar gyaɗa. A wannan lissafi, buhun da ya hau jirgin ƙasa cigaba ne, amma lafiyar manomin da ya noma shi ba ta cikin babban lissafin. Ko tsarin raya ƙasa na shekara goma da Turawa suka fito da shi a 1946 ya zo ne bayan sun shafe sama da shekara arba'in suna mulkin Arewa.

Shi kuwa ma'aunin da duniya ta fi sani yau, wato GDP, jimillar kuɗin duk abin da ƙasa ta samar a shekara, asalinsa daga Amurka ne. Tattalin arzikinsu ya karye a 1929, gwamnati kuma ba ta da alƙaluman da za su nuna mata girman ɓarnar. Aka sa wani masani mai suna Simon Kuznets ya yi lissafi, ya miƙa wa majalisar dattawa rahoto a 1934, inda ya nuna kuɗin shigar ƙasar ya zube da kusan rabi cikin shekara uku. Abin lura, shi kansa Kuznets ya yi gargaɗi a cikin rahoton cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan lissafi. Duniya ta ɗauki mudun, ta bar gargaɗin.

A ranar 20 ga Janairu 1949, Shugaba Harry Truman ya yi jawabin kama mulki, ya yi maganar taimaka wa yankunan da ya kira marasa cigaba. Daga wannan zamani aka jera ƙasashen duniya a layi ɗaya, masu kuɗi a gaba, sauran a baya, aka ce kowa ya yi gudu ya kamo na gabansa. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, waɗanda aka tsara kafa su a 1944, suka riƙe wannan mudu wajen rarraba ƙasashe.

Mu ma da muka samu 'yanci, kansa muka hau. Tsarin raya ƙasa na farko, 1962 zuwa 1968, ya ba da ƙarfi ga manyan ayyuka irin su madatsar ruwa ta Kainji. Da kuɗin fetur ya ɓarke bayan 1973, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas a 1975. A takarda Najeriya na gudu. Da farashin mai ya faɗi, sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, kuma iyayenmu sun san yadda aka ji a jika.

Wanda ya fito fili ya ƙalubalanci wannan awo ɗan Pakistan ne, Mahbub ul Haq. Yana cikin manyan masu tsara tattalin arzikin ƙasarsa a shekarun 1960, lokacin da ake yabon Pakistan da saurin bunƙasa. A 1968 ya tashi ya bayyana cewa iyalai 22 kacal ne ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na masana'antun ƙasar. Wato tukunya ta ƙara girma, amma hannuwan da ke ciki ba su ƙaru ba. Daga baya shi da abokinsa Amartya Sen na Indiya suka yi aiki a kan sabon ma'auni, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990. Abu uku yake dubawa: shekara nawa ake sa ran jariri zai rayu, wane ilimi mutane ke samu, sannan nawa ke shiga aljihunsu.

Da aka canza mudu sai layi ya hargitse. Jihar Kerala ta kudancin Indiya ba ta cikin masu manyan masana'antu, amma ta daɗe tana zuba kuɗi a makarantu da ƙananan asibitoci. A ƙidayar 2011, kusan kashi 94 cikin ɗari na mutanenta sun iya karatu da rubutu, kuma mutuwar jarirai a can ta yi ƙasa sosai da ta sauran Indiya. A ɗaya gefen ga Equatorial Guinea, wadda fetur ya sa idan aka raba kuɗinta da yawan jama'a take shiga sahun gaba a Afirka, amma a ma'aunin rayuwar ɗan Adam tana can baya. Maƙwabciyarmu Nijar tana haƙo yuraniyom a Arlit tun 1971, amma ta sha zuwa ta ƙarshe a wannan jadawali.

Ku tuna abin da ya faru da mu a watan Afrilun 2014. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta shekarar da take gina lissafi a kai, daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da harkoki irin su wayar salula da finafinai yadda ya kamata. Cikin yini ɗaya tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Lissafin daidai ne, ba maguɗi aka yi ba. Amma ranar babu gidan da aka ƙara cefane. Ghana ma ta yi irin wannan a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60, ta wayi gari a sahun ƙasashe masu matsakaicin samu.

Hukumar nan dai ita ce a Nuwamban 2022 ta fitar da wani awon, wanda ke duba talauci ta fuskoki da yawa: abinci, nisan asibiti, zuwan yara makaranta, ruwan sha, makewayi, makamashin girki, aikin yi da tsaro. Sakamakon ya nuna mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin irin wannan talauci, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato ce a sama da wajen kashi 91, Ondo a ƙasa da kashi 27. Amma ku duba wadda ta zo ta biyu bayan Sakkwato: Bayelsa, jihar da ke zaune a kan fetur, mai karɓar kason kashi 13 na arzikin mai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shigowar kuɗi baitulmali daban, isarsu ga mutum daban.

Akwai masu cewa ai waɗannan ma'aunai na Turawa ne, ba su san mu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. An daɗe ana rubuta malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, a sahun waɗanda ba su yi karatu ba. Aikin da mata ke yi a cikin gida, da gayya, da zumuncin da ke riƙe maraya, duk GDP bai san da su ba. Wannan gyara ne da ya kamata masananmu su nema. Sai dai kar mu fake da guzuma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne. Wannan ba ya buƙatar fassarar Bature. Duk unguwar da ake yawan sallar jana'izar yara ta san shi. Tazarar ma tana da tarihi: Yankin Yamma ya fara ilimin firamare kyauta a 1955, Arewa kuwa sai da ta jira UPE a 1976, kuma yarinyar da ta yi makaranta ita ce uwar da ke gane alamar ciwo da wuri.

Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda rahoton ƙarshen shekara yake. Nawa aka ware, nawa aka saki, kashi nawa aka kashe, azuzuwa nawa aka gina. Da wuya ka ga shafin da ke tambaya ko ɗan aji huɗu ya iya karanta jimla ɗaya, ko asibitin da aka yi wa fenti yana da ungozoma da dare. Ma'aikaci kuwa abin da za a tambaye shi yake bi, haka ma ɗan siyasa. In gada muke tafawa, gada za a yi ta ba mu, tunda ita ake gani a hoto, kuma kwangilarta ta fi maiƙo.

Ba ina cewa titi da gada ba su da amfani ba. Mai naƙuda na buƙatar hanya kafin ta isa asibiti, manomi na buƙatarta kafin tumatirinsa ya ruɓe. Abin da nake roƙo shi ne, duk wanda ya zo mana da kundin ayyuka, mu karɓa mu gode, sannan mu yi masa tambaya huɗu. Yara nawa ke mutuwa kafin shekara biyar a jihar nan, a da da yanzu? Mata nawa ke rasuwa wajen haihuwa? Cikin yaran da suka gama firamare, nawa suka iya karatu? Gidaje nawa ke samun ruwa mai tsabta ba tare da yarinya ta rasa makaranta saboda ɗiba ba? In yana da amsa da alƙaluma, mu saurare shi ko daga wace jam'iyya yake. In ba shi da ita, to a sa ta cikin kasafin baɗi, mu kuma mu riƙa bibiya.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon tambaya.