Abin da ya kamata a sani game da cutar Wilson

Cutar Wilson ciwo ne na gado da ke sa sinadarin tagulla ya taru a jikin ɗan Adam, musamman a hanta da ƙwaƙwalwa da ido. An sa mata sunan Samuel Kinnier Wilson, likitan jijiyoyi ɗan Birtaniya, wanda ya yi cikakken bayaninta a shekarar 1912. An kiyasta cewa tana shafar kusan mutum ɗaya cikin 30,000.

Yadda take samuwa

Jiki na buƙatar tagulla kaɗan, kuma daga abinci yake samun ta. Abin da ya yi saura, hanta ce ke fitar da shi ta ruwan maɗaciya. Ga mai wannan cuta, ƙwayar gado mai suna ATP7B, wadda aka gano a 1993, ba ta aiki yadda ya kamata. Saboda haka tagullar sai ta taru a hanta tun daga ƙuruciya, daga bisani ta malala cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa.

Gadonta irin na sikila ne. Sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka sannan cutar ke kama shi. Iyayen kan kasance lafiya ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai ɗauke da cutar. Auren zumunci yana ƙara wannan haɗari a zuriyar da ke da ƙwayar.

Alamominta

Galibi alamomin kan bayyana ne tsakanin shekara 5 zuwa 35. A yara, hanta ta fi fara nunawa, ta hanyar shawara, kasala, kumburin ciki da na ƙafafu. A matasa kuwa, akan ga karkarwar hannu, sarƙewar harshe, dalalar yawu, wahalar haɗiya da lalacewar rubutu. Wasu halinsu ne ke sauyawa, su riƙa saurin fushi ko shiga damuwa, ko ƙoƙarinsu ya ragu a makaranta.

Wannan ne ke sa a ɗauke ta a matsayin ciwon hanta na yau da kullum, ko taɓin hankali, ko shafar iska, har lokaci ya ƙure.

Ganowa da magani

Likitan ido na iya ganin wani zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido, wanda ake kira zoben Kayser-Fleischer. Ana kuma auna sinadarin seruloplasmin a jini, da yawan tagulla a fitsarin awa 24. Wani lokaci akan ɗebi ɗan tsokar hanta a bincika.

Tun 1956 ake amfani da maganin penicillamine, wanda ke fitar da tagulla ta fitsari. Akwai kuma trientine, sai zinki da ke hana hanji tsotse ta. Akan shawarci majinyaci ya guji cin hanta, jatan lande, naman kaza, kashu da cakulan, musamman a farkon jinya. Idan hanta ta lalace sosai, dashe ne mafita.

Magani na tsawon rai ne, kuma dakatar da shi na iya jawo mutuwar hanta cikin ɗan lokaci. Wanda aka gano da wuri, ya kuma dage da shan magani, yakan yi rayuwa kamar kowa. Da zarar an tabbatar da cutar ga mutum ɗaya, wajibi ne a gwada yayyensa da ƙannensa, ko da babu wanda ya nuna wata alama.