Kwalejin Barewa da Sirrin Ɗaukakarta

Ɗaukakar Kwalejin Barewa daga tsananin tace ɗalibai ta samo asali, ba daga wurin da take ba, domin mazauninta bai tsaya wuri guda ba. A Katsina aka kafa ta a 1921 don horar da malamai, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. A da, yara kaɗan ake tsamowa daga kowane lardi, su kwana su tashi tare, shi ya sa ta yaye Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Shagari da Murtala. Masu cewa makarantar 'ya'yan sarauta ce suna da hujja, don a farkon lamari sarakuna na da baki wajen zaɓen yara. Sai dai Yakubu Gowon, ɗan malamin mishan daga Wusasa, shi ma can ya yi karatu.