Yadda Nana Asma'u ta tuna da maƙwabciyarta Halima da dattijo Na'Inna



Wajajen shekarar 1844 wata mata mai suna Halima ta rasu a ƙasar Sakkwato. Ba matar sarki ba ce, ba ta jagoranci kowa ba, ba ta bar wani littafi ba. Amma yau, bayan shekara fiye da 170, an san ita mace ce mai hankali da haƙuri, mai son yara, mai girmama manya, mai riƙon zumunci. An san haka ne saboda maƙwabciyarta ta zauna ta rubuta mata waƙar alhini. Maƙwabciyar nan kuwa ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a 1793, ita da tagwayenta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka da idonta ta ga yaƙi da yunwa da mutuwa tun ba ta kai munzali ba. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yayanta ne. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Mace mai wannan matsayi, in ta yi wa Bello waƙar alhini da ya rasu a 1837, ai ba abin mamaki ba ne, ta kuwa yi. Ta yi wa mijinta ma. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauran waƙoƙin, waɗanda ta yi wa mutanen da marubutan tarihin sarauta ba za su taɓa ɗaga alƙalami dominsu ba.

Ɗauki Na'Inna. Dattijo ne daga cikin danginta, a matsayin uba yake gare ta, ya rasu wajajen 1854. Bai riƙe wani muƙami ba, alhali ga sarauta nan a cikin gidan da yake da alaƙa da shi. To me Asma'u ta ga ya cancanci a rubuta game da shi? Fara'arsa. Yadda yake jin daɗi in dangi sun zo gaishe shi, yadda yake yi wa maƙwabta irin tarbar da yake yi wa 'yan'uwansa na jini, da yadda bai ɗora duniya a ka ba. Shi ke nan fa. Kowace daga cikinmu ta san irin wannan mutumin: baffa ko kawun da in kin shiga zaurensa ba ya bari ki tafi sai kin sha ruwa kin ba shi labarin yara ɗaya bayan ɗaya, wanda in an yi saɓani a layi wajensa ake zuwa. Irin mutanen nan in suka mutu unguwa takan yi sanyi, amma bayan sadakar arba'in sai maganarsu ta fara dusashewa, jikoki su tashi ba su san komai a kansu ba sai suna.

Sai Zaharatu, wadda ta rasu 'yan shekaru bayan Na'Inna. A nan ma abin da Asma'u ta lissafa aikin hannu ne na yau da gobe: tana zama da mata lokacin naƙuda, tana wankan gawa ba tare da ƙyama ba, tana koya wa waɗanda ba su sani ba addini. Ku dubi wannan da kyau. Ayyukan da a yau ma ba a cika yaba wa masu yinsu ba, sai dai a aika a kira su da tsakar dare, su ne 'yar Shehu ta ɗauka a matsayin abin da ya isa a tuna mutum da shi. A ganina wannan ba tausayi ne kawai ya sa ta ba. Malama ce, ta san waƙa ita ke shiga kunnen mata a tsakar gida, wajen daka da kaɗi. In mace ta haddace waƙar Halima ko ta Zaharatu, ta haddace yadda ake zama da maƙwabci. Musulunci dama ya nauyaya haƙƙin maƙwabtaka ƙwarai, ita kuma sai ta nuna shi a jikin mutanen da masu sauraro suka sani, suka ci abinci tare da su.

Ba ta manta da ƙawa ba. Da A'isha, aminiyarta ta shekaru da yawa kuma matar Bello, ta rasu, da Larabci ta yi mata alhini, kuma a nan ba ta ɓoye zafin rabuwa ba. Malama ce babba, amma ta yi kuka a rubuce.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ƙungiya. Asma'u ce ta kafa 'Yan Taru, wato matan ƙauyuka da ke tahowa wurinta ɗaukar karatu. Kowane ayari yana da shugaba da ake kira jaji, wadda Asma'u kan ba malafa da jan rawani, alamar an amince mata. Yawanci dattijai mata ne da 'yan mata ke yin tafiyar, su koma gida su koyar da matan aure, su kula da marasa lafiya da masu rauni. Da ɗaya daga cikin jajis ɗin, Hawa'u, ta rasu, ita ma sai da aka yi mata tata waƙar, aka ambaci zirga-zirgar da ta sha tana kawo ɗalibai. Wato shugabar ƙungiya ce ke rubuta alherin 'yar ƙungiyarta. Mu kuwa, in ɗayarmu ta rasu, galibi abin da ke shiga littafi shi ne ranar rasuwa da kuɗin da aka miƙa wa magada. Lissafin na da amfani, ba a musu. Sai dai babu inda za ka ga an rubuta cewa ita ce ta zuba wa wata adashi wata uku lokacin da mijinta ke kwance, ko ita ce ke fara isa gidan haihuwa da tulun ruwa. Da za a ƙara shafi ɗaya ga kowace marigayiya, yaranmu 'yan makaranta sun isa su rubuta in iyaye mata suka faɗa musu.

Labarin nan bai yi nisa da mu ba. Ƙanwar Asma'u, Maryam, ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato, kuma da Asma'u ta rasu a 1864 ita ce ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru.

An binne Nana Asma'u a Hubbaren Shehu, kusa da mahaifinta. Takardunta kuwa zuriyar Giɗaɗo ne suka adana su, har suka iso hannun Waziri Junaidu. A ɗakin karatunsa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarinsu. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukan a littafi guda, inda waƙar Halima da ta Na'Inna suke tare da ta Sarkin Musulmi Bello.