Daga Ƙwaƙwalwar Shanu Zuwa Hanji: Tarihin Niyurotensin da Makarɓansa

Mahaucin da ke fasa kan saniya a kasuwar Karaye ko ta Rogo yana riƙe da irin abin da aka fara wani babban bincike da shi. A 1973, a Amurka, Robert Carraway da Susan Leeman suna tace wani sinadari daga ƙasan ƙwaƙwalwar shanu, sai suka ci karo da wani daban. Da aka yi wa ɓeraye allurarsa, sai jijiyoyin jinin fatarsu suka buɗe, ƙarfin gudun jininsu ya sauka. Suka raɗa masa suna niyurotensin. Ɗan guntun furotin ne mai amino asid 13.

Irin wannan sinadari ba ya aiki sai ya dace da makarɓinsa a jikin ƙwayar halitta, kamar makulli da kwaɗo. Sai a 1990 tawagar Shigetada Nakanishi a Kyoto ta Japan ta gano ƙwayar gadon makarɓi na farko, NTS1, a jikin ɓera. Sau bakwai yake ratsa fatar ƙwayar halitta, yana isar da saƙo ciki ta hannun wani furotin da ake kira furotin G. A 1993 masu bincike na kamfanin Sanofi suka fito da na ɗan Adam daga ƙwayoyin sankarar hanji. Makarɓi na biyu, NTS2, ya biyo baya a 1996. A 1998 Jean Mazella da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa na uku wani furotin ne mai suna sotilin, mai ratsawa sau ɗaya tak. A 2012 tawagar Reinhard Grisshammer ta bayyana ainihin siffar NTS1 rungume da wani ɓangare na sinadarin.

Ko da yake a ƙwaƙwalwa aka fara ganinsa, a ƙaramin hanji ya fi yawa. Duk wanda ya ci tsire mai kitse ko tuwo da man shanu, hanjinsa kan saki niyurotensin. A 2016 masana a Jami'ar Kentucky suka gano cewa ɓerayen da ba su da shi ba sa tsotsar maiƙo sosai, kuma ba sa yin ƙiba ko an ɗura musu abinci mai kitse.

Ƙiba da ciwon suga sun shigo gidajenmu. Ya kamata jami'o'inmu na Kano su sa ɗalibansu cikin wannan bincike, hukumomi kuma su samar musu da kayan aiki.