Ma'azu Ɗan Alalo: tarihin Damagaram na kwance cikin kasat

Duk ranar da muka sa waƙar Ma'azu Ɗan Alalo a radiyo, talho ba ya hutawa. Dattawa su kira daga Birni da Zango, har Mirriya da Magarya, su ce a ƙara. Matasa kuwa sai tambaya: wai wane ne wannan tsoho?

To, Ma'azu makaɗin fadar Damagaram ne, Allah ya yi masa tsawon rai har 2002. Ya tashi a zamanin Nasara, tun Zinder na babban birnin ƙasa, kafin a koma Yamai a 1926. Ya ga aikin dole har aka soke shi a 1946. Ya ga ƴancin kai a 1960, ya ga sarautar Sanda Umaru, ya ga naɗin Abubakar Sanda a 1978.

Aikin makaɗin fada shi ne riƙe sunaye: wa ya haifi wa, wa ya gaji wa, wa ya yi kyauta, wa ya yi rowa. Mu da muka yi lakwal, da Faransanci aka koya mana kisan Cazemajou a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899. Amma yadda ƴan gari ke kiran Tanimun da Amadu Kuran Daga, da kirari da alfahari, a bakin makaɗa irin su Ma'azu muka ji shi.

Yanzu ga abin da ke damunmu. Da yawa daga waƙoƙin nan a kasat suke, cikin akwatunan gidaje, zafi da ƙura na cinsu. Waɗanda ke yawo a WhatsApp kuma guntaye ne, wasu ma da sunan wani makaɗi aka liƙa musu. Sannan habaicinsa ba kowa ke gane shi ba. Tsofaffin da suka san da wa yake, kuma me ya faru ranar, kullum raguwa suke.

Don Allah, wanda ke da kasat a gida ya kawo mana gidan radiyo, mu kwafa mu mayar masa da abinsa. Wanda kakarsa ke raye, ya kunna mata waƙa ɗaya, ya tambaye ta, ya ɗauki bayanin a wayarsa. Ku rubuto mana a ƙasa wace waƙarsa ce kuka fi tunawa.

Allah ya jiƙan Ma'azu, ya kyautata namu ƙarshen.