Fuska, Lamba da Suna: Masu Bin Sawun Hotunan Mazan Jiya a Magariya da Dungas

A ƙasar Magariya da Dungas, duk wanda ya ce zai tara hotunan tsofaffin sojoji sai ya koyi karatun kaki iri biyu. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa gonaki da dangi, ta bar wa a Nijar, ƙane a Nijeriya. Da aka zo ɗibar soja, wani aka tasa ƙeyarsa Damagaram ya sa kakin Faransa, wani kuma ya tsallaka Daura ko Kano ya shiga sojan Ingila. Shi ya sa hoton wanda ya yi yaƙi a Faransa da na wanda ya yi yaƙin Bama suke iya kwana cikin adaka ɗaya, a gida ɗaya.

Rundunar da Faransa ta kira tirayar na Senegal tun 1857 aka kafa ta, zamanin Gwamna Faidherbe, amma sunan bai tsaya kan 'yan Senegal ba. Duk baƙin sojan Faransa daga wannan yanki da shi ake kiransa. Damagaram ta faɗa hannun Faransa a 1899. A 1912 aka kawo dokar ɗibar soja ta dole, a 1919 kuma aka mayar da ita ta kowace shekara: a tara samari, likita ya duba, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara 3. Samarin bakin iyaka da yawa sukan gudu ƙasar Ingilishi don tsere wa wannan ƙuri'a da aikin tilas, kuma wasunsu can suka ƙare da bindiga a kafaɗa.

Hotunan farko ba don sojojin aka ɗauke su ba. Masu hoto irin su Edmond Fortier na Dakar sun buga dubban katunan gidan waya, ana sayar wa Turawa su aika gida. Idan soja ya fito a irin wannan kati, ƙabilarsa ko rundunarsa ake rubutawa a ƙasa, ba a damu da sunansa ba. Wannan ne ya sa masu tara hotuna suke girmama aikin Paul Castelnau, wanda ya ɗauki tirayar a hoto mai launi a yankin Alsace a 1917, ya kuma rubuta sunayen wasunsu, kamar Sar Amadou. Cikin kusan mutum 200,000 da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen baƙar fata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda fuskarsu da sunansu suka tsira tare ba su taka kara sun karya ba.

Daga baya soja ya fara kai kansa gidan hoto. A Fréjus da Saint-Raphaël, inda ake ajiye tirayar lokacin sanyi, da Marseille da Dakar, sa'an nan Saigon da Hanoi lokacin yaƙin Indoshin na 1946 zuwa 1954, mutum yakan goge takalmi, ya tsaya gaban labule mai zanen fure, ya dafa kujera, a ɗauke shi. Irin wannan hoton ne yake zuwa gida cikin wasiƙa ko cikin akwatin sallama. Gwanin wannan aiki kafin ya kalli fuska yakan juya bayan hoton, domin hatimin gidan hoto shi kaɗai yana iya faɗin ƙasa da kusan shekarar da aka ɗauka.

Abin da ya tsare yawancin hotunan da ake gani yau a Bande, Wacha, Dantchiao ko Malawa kuwa, fansho ne. Katin tsohon soja yana ɗauke da ƙaramin hoto, littafin soja yana ɗauke da lamba, kuma ba a biyan kowa sai da su. A watan Disamba 1959 Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da za su sami 'yancin kai, kuɗin ya tsaya cik yayin da na takwarorinsu Faransawa yake ta hawa. Sai a 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba wani tsohon sajan ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, kuma sai a farkon 2011 aka kammala daidaita kuɗin. Shekara 50 ke nan mazan jiya da matansu suna naɗe takardu cikin leda da tsumma, suna jiran ranar da za a nema. Su ne masu tara hotuna na farko a wannan ƙasa, kuma neman haƙƙi ne ya sa su, tun kafin wani ɗan makaranta ya san abin yana da daraja.

Karatun hoto daga kai yake farawa. Jar dara mai tsawo, da jar ɗamara a ƙugu, da alamar ƙugiyar jirgin ruwa a wuyan riga ko a hula, shaidar sojan mulkin mallakar Faransa ce. Hular ƙarfe mai tudu a tsakiya, wadda ake kira Adrian, ba ta fito ba sai 1915, saboda haka hoton da take ciki bai girmi wannan shekara ba. Malafar daji mai faɗin baki da ƙaramar bindiga MAT 49 suna nuna Indoshin ko Aljeriya, zamanin da Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, ya yi nasa aikin a sojan Faransa. Lambobin yabo sun fi wuya, don launin ƙyallensu ne yake bambanta su: gicciyen yaƙi na 1914 zuwa 1918 kore ne mai jan ratsi, na 1939 zuwa 1945 ja ne mai koren ratsi. A hoto baƙi da fari dole a sa madubin ƙara girma a ƙirga ratsin, a duba faɗinsa.

Akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Bayan taron Casablanca na Janairu 1943, Amurka ta ɗauki nauyin tufatar da sojan Faransa na Afirka, daga hular ƙarfe har takalmi. Tirayar da suka sauka gaɓar Provence ta Faransa a watan Agusta 1944 da kayan Amurka suka sauka. Saboda haka ɗan Magariya yana iya fitowa a hoto sak sojan Amurka, har mai sayar da tsofaffin kaya a Turai ya rubuta masa haka. Abin da zai warware shi ƙaramar alamar ƙugiya ce, ko galan muƙami irin na Faransa, ko tsagen fuska.

Na ɓangaren Ingila sun fi sauƙin ganewa idan kafaɗa ta fito. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na Bama a 1944, alamarta baƙin gizo-gizo ne. Ta 82 kuwa mashi biyu ne gicciye a kan gammo, tuni ga dubban 'yan dakon da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin dajin Bama. A hula akwai bishiyar kwakwa ta RWAFF, wato rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma. Sai dai jar dara tana ruɗi, domin sojan Nijeriya ma da ita yake fareti; rigar da ke ƙasanta ce take raba gardama.

Bayan kaki sai suna, kuma nan ne aikin yake cin rai. Akawun Faransa yana rubuta Mahamane yau, gobe Mamane. Issoufou na wannan takarda shi ne Yusufu na waccan. Ranar haihuwa babu, sai "wajen shekara kaza". Sojan Ingila kuma ya saba laƙa wa mutum sunan gari ko na ƙabila, ga shi wanda ya gudo daga ƙasar Faransi yakan faɗi garin da ba nasa ba. Wani ma da sunan ɗan mai gari ya tafi, domin shi aka tura a madadinsa. Dungas kanta sai a 2011 aka cire ta daga Magariya ta zama gunduma, don haka mai neman kakansa ɗan Dogo-Dogo ko Gouchi ƙarƙashin Magariya ko Zinder zai duba. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: lambar soja da shekarar ɗiba. Da su ake rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji ta birnin Pau, ko ta Caen idan mutum ya mutu a fagen fama ko an kama shi fursuna. Da su ake bincika shafin intanet na Mémoire des hommes, ko jerin sunayen hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wadda take kula da maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

Takarda tana ba da suna, amma ba ita take cewa wannan fuskar ce ba. Wannan aikin tsofaffi ne, musamman mata, waɗanda suka san wanda ya auri wa da wanda ya dawo da ɗingishi. Masu hankali a wannan fage ba sa cewa "Iya, wannan ba Baba wane ba ne?", don tsohuwa za ta amsa da "shi ne" saboda kunya ko ƙauna. Miƙa mata hoton suke yi su yi shiru. Sa'an nan su kai wa wani dattijo a wata unguwa, su sake yin shiru. In baki biyu ko uku sun haɗu a kan suna ɗaya, kuma tsagen da littafin soja ya bayyana ya dace da na hoton, to an samu.

Misalin da ake yawan kawowa don nuna ƙarfin hoto shi ne na Chasselay, kusa da Lyon. Ranar 20 ga Yuni 1940 sojan Jamus suka ware tirayar da suka miƙa wuya daga hafsoshinsu farare, suka buɗe musu wuta da tankoki. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan rundunar SS ta 'yan Nazi. A 2019 wani mai tara hotuna, Baptiste Garin, ya ci karo da hotuna 8 da wani sojan Jamus ya ɗauka a wurin. Shi da masanin tarihi Julien Fargettas suka bi alamomin jikin tankokin, suka nuna cewa runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus na yau da kullum ce ta yi kisan. Tirayar 188 ne suke kwance a maƙabartar garin, da dama ba suna a kabarinsu.

A Amurka wannan sana'a ta daɗe da tsayuwa da ƙafarta. Mujallar Military Images tun 1979 take buga hotunan sojojin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, kuma a 2018 Kurt Luther na jami'ar Virginia Tech ya buɗe manhajar Civil War Photo Sleuth, wadda take gwada fuskar da ba a sani ba da dubban waɗanda aka sani. Irin wannan manhaja ba ta aiki sai da tarin hotuna masu suna, kuma wannan tarin shi ne ke warwatse a ɗakunan Magariya da Dungas, gara da ɗigon damina suna ci.

Yanzu aikin ya koma hannun jikoki masu wayar hannu, kuma waya ta zo da alheri da ɓarna tare. Hoton da ya shekara 70 a adaka yana isa Yamai da Kano cikin minti ɗaya ta WhatsApp, amma sau da yawa ba suna yake tafiya, ko a shafa masa launi da manhaja har fuskar ta zama ta wani. Wasu suna kai na asali a manne shi cikin leda da zafi, abin da ba ya gyaruwa. Mafi muni shi ne raba hoto da takardunsa wajen rabon gado, ɗa ya ɗauki hoto, 'ya ta tafi da littafin soja gidan miji. Waɗanda suka san aikin suna ɗaukar gaba da bayan hoto da kowane shafi na littafin a zama ɗaya, su rubuta suna da laƙabi da sunan uwa da gari da lamba da fensir a takarda dabam, su naɗi muryar tsohuwar da ta gane fuskar, sa'an nan su mayar wa masu gida kayansu cikin ambulan ɗaya.