Hurling: wasan ƙasa da ya maƙale a kusurwa ɗaya

Mutanen Ayalan na kiran hurling wasansu na gado, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Kowane ɓangare 'yan wasa 15 ne, kowa da sanda mai faɗin baki, suna bugun 'yar ƙwallon fata da ba ta fi dunƙulen hannu ba. In ta shiga raga maki 3 ne, in ta wuce ta saman gola tsakanin turaku biyu maki 1. Ranar wasan ƙarshe ba masaka tsinke a filin Croke Park na Dublin, mai cin mutum 82,300, alhali ba ɗan wasa ko ɗaya da ake biyan albashi.

Sai dai alƙaluma na nuna wata matsala. Tsibirin na da gundumomi 32. Daga 1887 zuwa 2025 an ci kofin ƙasa sau 138, kuma 95 daga ciki gundumomi uku ne suka raba: Kilkenny 36, Cork 30, Tipperary 29. Lardin Ulster da ke arewa bai taɓa ɗaga kofin ba. Antrim ce kaɗai daga can ta kai wasan ƙarshe, a 1943 da 1989, duka kuma ta sha kashi. A ganinmu, wannan ce babbar cutar wasan, kuma asalinta ya girmi duk wanda ke raye.

Wasan tsoho ne ƙwarai. Dokokin Kilkenny na 1366 sun haramta wa Ingilishin da suka zauna a ƙasar buga shi. Amma taswirar da muke gani yau ƙarni na 18 ne ya zana ta. Masanin tarihi Kevin Whelan ya nuna cewa a lokacin wasan iri biyu ne. A arewa ana yin na hunturu, da siririyar sanda, ƙwallo na bin ƙasa. A kudu, inda ƙasa take shimfiɗaɗɗiya mai saurin tsanewa, ana yin na bazara da faffaɗar sanda, ana kuma cafe ƙwallo da hannu. Masu manyan gonaki ne suka ɗauki nauyin na kudu: kowa ya tara mazajen da ke noma a ƙasarsa, a kara da na maƙwabci, a zuba kuɗin caca.

Bayan tawayen 1798 amana ta lalace tsakanin masu ƙasa da talakawa, sai attajiran suka janye hannu. Babbar yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan zuwa ƙetare. Wasan ya kusa bin su. Ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wani malamin makaranta ɗan Clare, Michael Cusack, da abokansa suka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles. Da aka zo rubuta dokoki, salon kudu aka ɗauka. Aka kuma gina komai kan mahaifa: mutum ya buga wa kulob ɗin unguwarsu, sannan gundumarsu. Wannan tsari ne ya ba wasan farin jini, shi ne kuma ya ɗaure shi. Ba a sayen ɗan wasa, don haka gundumar da ba ta gaji sanda ba sai dai ta raini nata tun daga tushe. Da yawa suka zaɓi ƙwallon ƙafar gargajiya ta GAA, wadda ƙwallo ɗaya ke isar yara talatin.

Akwai wasu koke-koken da suka fi cika jaridu. Na farko yawan maki. A wasan ƙarshe na gasar 1887 Galway ba ta ci ko maki ɗaya ba. A na 2021 Limerick ta tara 41, Cork 25. Ƙwallon yanzu ba ta shan ruwa kamar ta da, bakin sanda ya ƙara faɗi, 'yan wasa kuma na horo kamar masu cin albashi. Sakamakon haka ana cin maki daga bayan tsakiyar fili, kuma gumurzun da ake yi a bakin raga ya ragu. Na biyu, miƙa ƙwallo da hannu: doka ta ce a buge ta da tafi, amma saurin wasan ya sa alƙali ba ya iya bambance bugu da jifa. Na uku itace. Da gindin bishiyar ash ake sassaƙa sandar, ga shi cutar da ke busar da ita, wadda aka fara gani a Leitrim a 2012, ta game ƙasar.

Waɗannan ukun duk suna da magani a kusa. GAA ta riga ta fara tantance ƙwallo ta hanyar saka mata ɗan guntun na'ura, kuma tana iya ƙayyade nisan tafiyarta da faɗin bakin sanda in ta ga dama. Kamfanin Torpey na Clare ya fito da sandar gora a 2020. Ai ko hular kwano da aka wajabta a 2010 sai da aka yi ta gunaguni, yau kuwa ba mai tada zancen.

Taswirar ce ba ta gyaruwa da doka ɗaya. An ƙirƙiro ƙananan kofuna, irin su Christy Ring a 2005 da Joe McDonagh a 2018, don kowa ya kara da tsaransa. Sun rage cin kaca, amma ba su haifi sababbin kulob ba. A 2023 har an kawo shawarar cire gundumomi biyar, Cavan da Fermanagh da Leitrim da Longford da Louth, daga gasar lig, sai da 'yan wasansu suka yi ca kafin a janye ta.

Tarihi ya nuna hanya. Offaly ba ta taɓa cin kofin ba sai 1981, amma kafin ƙarshen 1998 ta ci huɗu. Daga baya ta faɗi har zuwa mataki na uku, ta koma kan yara, ta ci kofin 'yan ƙasa da shekara 20 a 2024. Dublin ta zuba masu horarwa a kulob da makarantu, ta ci kofin lardin Leinster a 2013, ta kuma fitar da Limerick a 2025.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sarrafa wannan sanda sai an fara tun ƙuruciya. Saboda haka muke ganin kuɗin da Croke Park ke tarawa ya kamata ya tafi wurare uku: sanda da hula kyauta ga makarantun firamare na arewa da yamma, mai horarwa na dindindin a kowace gunduma mai rauni, da makonnin da aka keɓe wa hurling a jadawalin kulob, don kada ƙwallon ƙafa ta cinye su. In ba a yi haka ba, yaron da aka haifa a Cavan bana zai girma yana kallon wasan ƙasarsu a talabijin, kamar yadda kakansa ya saurare shi a rediyo.